Ranar Da Na Ce Na'urar Ta Gyaru

Akwai wata La'asar a shekarun farin nan da ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina aikin gyaran rediyo da na'urorin ƙananan jiragen sama, irin masu feshi a gonaki. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, ɗan abin da ya tsira a fadamun da ke tsakanin Isa da Sabon Birni kuma tsuntsayen jan-baki suka sauko masa. Aka turo jirage biyu, aka share musu fili a bayan garin Isa, aka haɗa ni da su. Ni ɗan Tozai ne, saboda haka cikin gonakin da za a ceta har da namu.

Kowane jirgi yana da wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. Ita ke aika wa ɗayan jirgin inda yake, sai matuƙi ya ga abokinsa kamar ɗigo a allon gabansa. Masu feshi ƙasa-ƙasa suke tashi, hankalinsu na kan itatuwa, shi ya sa suke dogara da ɗigon nan.

Kwana biyu na'urar jirgin babban matuƙinmu, wanda muke kira Kyaftin, tana wahalar da ni. Ƙaramin matuƙin ya ce ɗigon Kyaftin yakan fito, ya ɓace, ya dawo. Na canza batir, na goge bakin eriya, na sake haɗa allo da na'ura. Har tudu na hau ina neman sabis don in sabunta manhajarta. A ƙasa komai lafiya lau, da an tashi sai sigina ta yanke. Kyaftin ya ce babu mai sake tashi sai an gano matsalar.

Rana ta uku kawuna ya iso a bayan babur, riƙe da zangarniyar gero. Ya miƙo mini, babu ƙwaya ko ɗaya a jikinta.

"Ɗana, wanga daga gonar mahaifinka na karyo shi. Jirage na zaune, mu kuwa muna kallon abincinmu na tashi sama. Mi za ni ce wa mutane?"

"Kawu, ka yi haƙuri, yau in Allah ya so za a tashi."

Na koma na sake ɗaure wayoyi, na kunna. Ɗigo ya fito tar, ya zauna. Kyaftin ya dube ni ya ce, "Injiniya, ka gano abin?"

Ban gano komai ba. Na san ban gano ba. Amma kawuna na tsaye a gindin gawo yana kallona, sai na ji bakina ya ce, "Ta gyaru, ranka shi daɗe."

Ƙaramin matuƙin ya dafa kafaɗata ya ce, "Tunda kai ka faɗa, shi ke nan." Yaro ne mai fara'a, kullum tare muke cin abinci a inuwar fiffiken jirginsa.

Suka tashi bayan La'asar, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwancinsu. Ina zaune da rediyo a hannu sai na ji muryarsa: "Injiniya, ɗigon Kyaftin ya ɓace, kuma rana na cikin idona." Abin da ya kamata in ce shi ne ya yi sama ya bar wurin. Sai na ce masa, "Kashe allon ka kunna." Ni na sa ya sunkuyar da kai.

Na ji Kyaftin ya ƙwala kira, "Dama! Yi dama!" Ƙaramin matuƙin ya kauce, jiragen ba su haɗu ba, amma fiffikensa ya daki giginya. Fulani masu kiwo a fadamar ne suka fara isa, suka ciro shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Washegari na roƙi Kyaftin ya tada injin jirginsa a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba a duk gwajina saboda tsimin mai. Ina riƙe da wayar eriya na ga sigina tana yankewa. Zafi ya busar da wayar ta karye ta ciki, girgizar inji ce ke raba ta. Ko minti goma ban yi ba na gano. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Aka dakatar da feshi, tsuntsaye suka cinye geron duka. Masu bincike suka rubuta hasken rana da karyayyar waya, ba wanda ya ambaci sunana. Kyaftin ma bai taɓa yi mini maganar ba, sai dai bai ƙara tambayata komai ba har muka rabu.

Abin da na koya shi ne, matsalar da ta tafi ba ka san dalilinta ba, ba ta tafi ba. Kuma duk nauyin wanda ke tsaye a kanka, gara ka ce "ban gano ba tukuna" ka sha kunya, da ka ce "ta gyaru" wani ya ɗora ransa a kan maganarka.