Dabo na Talbijin

Duk Madadi babu wanda ya kai Malam Dabo fitowa a talbijin, alhali ko tari bai taɓa yi a ciki ba. Shekara talatin ke nan, wasu ma'aikatan tashar ƙasa suka ɓata hanya suka faɗo gonarsa yana huɗa da shanu. Suka ɗauke shi, aka haɗa da hotunan da ake nunawa kafin labaran yamma. Sakan uku ne kacal, amma da su ya addabi kasuwar Gwarzo. Ko gishiri zai saya sai ya gyara hula ya ce, "Ba ka gane fuskar ba?"

Mu maƙwabta mun tsokane shi har mun gaji. Abu ɗaya ne ba ma taɓawa: a bayansa cikin hoton akwai matarsa, marigayiya Asta, tafe da ƙwaryar fura a ka. Har ta rasu ba ta yarda an yi mata hoto ba, wannan ma ba ta san an ɗauka ba. Shi kaɗai ya rage masa na kamanninta.

Bana sai tashar ta sanar cewa daga Litinin za ta sauya suna da tambari, tsofaffin hotuna kuma a jingine su.

"Wa ya kai ƙarar tsohon tambarin?" in ji Dabo. Ranar ko tuwo bai ci ba.

'Yarsa Badi'a ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, a waya zan ɗauka."

Alhamis aka ɗauke wuta. Juma'a iska ta juya eriya. Asabar ta ɗauka tsaf, aka zauna dubawa, ashe kyamarar ita take kallo, sai ga hancin Badi'a ya cika waya. Na yi dariya har da hawaye, da na dubi Dabo kuma tausayi ya kama ni.

Ran Lahadi Malama Hanna, 'yar Filato da ke koyarwa a firamarenmu, ta aro janareta ta fito da talbijin ɗinta ƙofar gida. Duk mai waya a unguwa ya hallara, har da ni da tawa mai fasasshen gilashi. Kiɗan labarai na tashi muka ɗaga hannu gaba ɗaya kamar masu rantsuwa. Dabo ya wuce da shanunsa, Asta ta biyo da ƙwaryarta.

Malama Hanna ta durƙusa gefensa ta tsayar da hoton da ta ɗauka a wayarta. "Baba, duba nan." Ta sa yatsa biyu ta buɗa, fuskar Asta ta matso kusa, yadda talbijin bai taɓa nuna masa ba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya goge ido da bakin riga.

"Malama," ya ce, "ashe dariya take yi mini."