Goyon Inna

Shekarar da aka yanke wa Inna nonon hagu, ina ɗauke da cikin fari. Lokacin ne mulkin gurguzu ya faɗi, aka daina ce wa kowa kamarad, baki ya buɗe a Kutonu, kowane mai shayi a Zango da rediyonsa da ra'ayinsa kan wanda ya kamata a zaɓa. Mu a gidanmu ba ta zaɓe muke yi ba. Likita ya ce an cire ciwon dajin, Inna ta tsira. To, ta tsira ɗin, amma matar da aka dawo mana da ita ba ita muka kai asibiti ba.

Inna fa 'yar kasuwa ce. Atamfa take sayarwa a kasuwar Dantokpa, ita take ɗora wa kanta kaya ba mai taya ta. Sai ga ta a ƙuryar ɗaki, hannun hagu a manne da haƙarƙari, ko ɗankwali sai na ɗaura mata. Kuma na san abin da ya fi cin ranta. Ta goya 'ya'yan dangi, ta goya na maƙwabta, yau jikanta na fari yana tafe, ga shi daidai inda zanen goyo yake kama ƙirji nan aka yanka. Ba ta faɗa ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira, balle ta yi zancen cikina. Amma na sha ganinta tana shafa majanyin da ta goya ni da shi, ta mayar akwati.

Sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya. Ta ja ni gefe ta ce, "Ke, idan kin sauka, kul kika ɗora jinjiri a bayan nan. Ciwon nan gumi yake bi." Wai gefe, da muryar da mai wucewa a titi ma ya ji. Wallahi ba don girmanta ba, da na faɗa mata wadda za ta hana ta barci. Inna ta ji komai, ta juya fuskarta bango.

A haka Madam ta same ta. Madam ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce cikin waɗanda ƙaramin asibitin unguwa yake turawa gida-gida. 'Yar unguwar Laji ce, can bakin ruwa, gajeruwa, da Hausarta ta kasuwa. In ruwa ya ci unguwarsu, takalmi a hannu take fitowa ta nemi zemijan, wato ɗan acaɓa. Ta yi sallama, Inna ba ta waiwayo ba.

"Yauwa, Hajiya," in ji Madam, "dama bangon nan nake so. Tashi ki dafa shi."

Ta nuna mata yadda za ta riƙa tafiya da yatsu a jikin bango, sama-sama, har inda zafi ya tsayar da ita, ta ja layi da gawayi a wurin.

Inna ta ce, "Ni da girmana zan kama hawan bango kamar ƙadangare?"

"Shi ma ƙadangaren daga ƙasa ya fara. Me kike son yi da hannun nan in ya tashi?"

Inna ta kawar da kai. Ni na buɗe baki na faɗa wa Madam goyon jika take so, har da maganar Gwaggo. Madam ba ta yi wata-wata ba, ranar da suka haɗu da Gwaggo a tsakar gida ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, da hannun nan nake wanke mata wurin, da shi nake ba 'ya'yana abinci. Da ciwon yana bin gumi, ai da ni ya fara." Gwaggo ta taɓe baki ta ce Allah ya kyauta.

Layin gawayi ya yi ta hawa, amma ba a miƙe ba. Akwai makon da hannun ya kumbura, Inna ta yi jifa da gawayin ta ce a ƙyale ta. Madam ta zauna ta mulmula mata shi a hankali, ta ɗora shi kan matashi, ta raka ta wajen likita da kanta. Da kumburin ya sauka, sai ta zo da wata dabara. Ta ninke tsohon zane mai laushi ta shimfiɗa kan tabon, ta kawar da ƙullin zanen goyo zuwa dama, ta ratayo majanyi ta kafaɗar da take lafiya. Jinjirin gwaji kuwa ƙullin garin masara ne. Ku zo ku ga Inna tana zagaya tsakar gida da gari a baya, har da jijjigawa! Ni da Madam muka riƙe ciki. Ranar Inna ta yi dariyar farko tun dawowarta daga asibiti.

Na haifi namiji, na yi wankan jego a gida. Inna ta riƙe shi a cinya, ta yi masa wasa, amma ba ta goya shi ba. Ta ce da Madam, ina ji, "Gari in ya faɗi a kwashe. Wannan fa?" Madam ta ce, "Ba zai faɗi ba. Ranar da kika shirya, kin san ƙullin."

Ranar yawon arba'in, da za mu zaga dangi da jinjiri, Gwaggo ta iso da sabon zanenta, ta sunkuya a gabana ta ce, "Ɗora mini shi." Sai muka ji muryar Inna daga ƙofar ɗaki.

"Yaya, ki yi haƙuri. Mijina ne, ba na ba da aronsa."

Ta fito da tsohon majanyin nan a hannu, ta sunkuya. Na kwantar mata da jinjirin a baya. Ta jawo zane, ta ja, ta ƙulle a dama, ta ratayo majanyi, duk ita kaɗai. Ta miƙe. Yaro ya lafe, ko motsi bai yi ba.

Haka muka ratsa Zango, ita a gaba, ni da Gwaggo a baya. Mata suna leƙowa, masu shayi suka rage rediyo suna "Hajiya, barka da fitowa!" Ni kuwa kaina ya yi girma, ina hawaye, ban ma goge ba. Uwata ce wannan, kowa ya gani.

A bakin babban titi muka hango Madam a tsallake, da jakarta, za ta shiga wani gida. Ƙarar zemijan ta hana ta jin kiranmu. Sai Inna ta tallafe jinjirin da hannun dama, ta ɗaga na hagu sama, har ya wuce kanta, ta yi ta kaɗa shi sai da Madam ta waiwayo.