Ranar da Na Je Kallon Barasi

Matata ta rasu ina Kurmi. Ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, kamar yadda ake yi, ni kuma na bi ƴan cin rani kudu bayan girbi. Da ita da abin da ke cikinta babu wanda ya tashi. Kafin labari ya iske ni in dawo, damina ta faɗi. Na je garinsu, arewa da Tawa, na yi ta'aziyya, amma ban ce a nuna mini kabarin ba. Miji ba ya yi wa surukinsa irin wannan tambayar. Wata goggonta ce ta tare ni a hanyar rijiya, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ta samu wuri mai kyau, gindin babban gawon nan na bakin kwari." Na riƙe maganar. Na ce a raina wata rana zan komo in tsaya can ni kaɗai.

Na zauna a Tawa, na kama ɗinki a rumfar wani. A shekarun nan na bayan samun mulkin kai kullum da sabon abu, sai muka ji an kai manyan injina kwarin garinsu, an tare shi da ƙasa da duwatsu. Madatsar ce ake ce wa barasi. Ruwa ya taru, ma'aikatan ofis suna zuwa kallo ranar hutu. Wasu har cewa suke a wata ƙasa ana fid da wutar lantarki daga irin wannan ruwan.

Wata ranar kasuwa sai ga ƙanen matata a rumfa. Magidanci ne, amma tsakaninmu wasa ne tun ranar aure. Bai taɓa kira na da wani suna ba sai "ɓarawon yayata", kuma da ya shigo hulata yake fara cirewa. Ran nan ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi lafiyata da ta aiki.

"Malam, Baba ya ce ka zo ka ga ruwa," in ji shi.

"Yaushe na zama Malam?"

Ya yi dariya kaɗan, ya ce ai girma ya zo. Hulata tana kaina har ya tafi. Na yini ina ɗinki ina tunanin abin da ya sa tsoho zai aiko a kira ni kallon ruwa.

Na shiga kamyon, babbar motar kaya da ke zuwa wajen. Ƙanen matata ya tarye ni a bakin hanya, ya ce mu fara da barasi kafin gida. Ba zan ɓoye ba, wurin yana da kyau. Mu mutanen Adar ba mu saba ganin ruwa ya cika ido ba. Ga jajayen duwatsu kewaye, ga ruwan kwance shiru, balbelu sun yi fari a bakinsa, Buzaye suna shayar da raƙuma daga can gefe. Ya hau da ni kan ganuwar madatsar, yana nuna mini ƙofar ƙarfen da ake buɗewa ruwa ya bi gonaki. Yana ta magana, albasa kaza, alkama kaza. Amma duk lokacin da na juya wajen gabas, inda na san bakin kwarin yake, sai ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wani abu a yamma.

Na ce, "Ina so in yi ziyara."

"Ai don haka na zo da kai ta nan," ya ce da sauri, kamar wanda ya daɗe da shirya amsar.

Ya kai ni kan wani tudu bayan gari. Kaburbura ne kaɗan, an kewaye su da ƙaya. Ya tsaya a kan ɗaya, ya ce, "Ga ta nan." Ya ɗaga hannuwa, ni ma na ɗaga, amma idona yana ƙasa. Babu gawo a tudun, ko kututturensa babu. Duwatsun da aka jera a kan kabarin masu kaifi ne, fasassu, cikinsu fari, irin waɗanda na taka a kan ganuwar. Ita kuwa an rufe ta tun injina ba su zo ba. Na yi wa mai kabarin addu'a, ko wane ne, na shafa.

"Ina gawon?" na tambaye shi.

"Wane gawo? Gawo ai da yawa."

"Babban."

"An sare da yawa lokacin aiki."

Na sauka bakin ruwa ta gabas, yana biye da ni yana cewa rana ta yi, an dama fura a gida. Can cikin ruwan, da ɗan nisa, akwai rassan wani babban itace a tsaye, babu ganye ko ɗaya. Rani ne, lokacin da kowane gawo ke cike da ganye. Wani masunci baƙo, daga cikin waɗanda suka zo daga kudu, yana gyaran taru kusa da jirginsa. Na roƙe shi ya kai ni wurin itacen.

"Kai da ko tabkin shanu ba ka taɓa shiga ba," in ji ƙanen matata. "In ka faɗa, mi zan gaya wa Baba?"

"Sai ka nuna masa wani tudu."

Na naɗe wando na taka cikin ruwa na shiga. Har masuncin ya tura jirgin, sai ga ƙanen nata ya biyo mu yana fantsama, ya hau ya ƙanƙame gefen katakon da hannu biyu. Da muka isa, masuncin ya kama wani reshe, jirgin ya tsaya. Ruwan kore ne, ba a ganin ƙasa.

"Daga wannan gefen," in ji ƙanen matata a hankali, yana nuni da haɓa. "Ni na haƙa. Innarmu ma tana nan, da kakanninmu duka. An ce mana ruwan ba zai kawo nan ba, damina ɗaya ya wuce. Baba ya ce ka zo ka ga kabari da idonka, hankalinka shi kwanta. Ya ce mu mun saba, kai ba ka saba ba."

Na karanta abin da na iya. Na daɗe. Na so in taɓa ƙasa, babu, sai na sa hannu cikin ruwan. Da muka juyo, iska ta taso, jirgin ya karkata, ya yi salati da ƙarfi. Da ya ga ba mu nutse ba, ya miƙo hannu ɗaya ya cire hulata, ya ce, "Ɓarawon yayata, ka so ka kashe ni."

Mun iske tsohon a zaure. Na tuɓe takalma daga nesa na durƙusa, muka gaisa, kaina a ƙasa. Na ga yana duban ƙafar wandona da ba ta bushe ba, sannan ya dubi ta ɗansa. Aka kawo fura, ya ce in sha, na sha.

"Ni ban iya shiga jirgin ba," ya ce daga baya. "Itacen shina nan tsaye?"

"Yana nan, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya tambaye ni ko gero ya yi araha a Tawa.