Jakin Kaka da Sarkin Rasha

Har yau in na ji rediyo yana shuuu kafin ya kama tasha, sai in tuna shekarar da aka rufe iyaka muna yara a Illela.

Kakana na wajen uba mayen rediyo ne. Batir in ya yi sanyi ba ya yarwa, a rana yake shanya shi kan rumbu kamar kuɓewa, mu kuwa muna gadi kada awaki su ture. A wani shirin tarihi ya tsinci labarin Sarkin Rasha, ya riƙe shi kamar na dangi. Wai sarkin ya kwashe manoma da dawakansu ya tura yaƙi, gonaki suka zauna ba mai noma, mata suka yi ta layin burodi har suka gaji suka fito titi. Aka ce sojoji su harbe su. Sojojin suka duba, suka ga sa'o'in iyayensu, suka sauke bindiga. Ba a jima ba sarki ya bar gado. Mun ji labarin nan har ya gundure mu. Kakata kan ce ya bar mutanen da bai san ko kabarinsu ba su huta.

A shekarar ruwa ya ƙi, tafkin Kalmalo ya ja baya, kasuwa ta mutu, sojoji suka tsare hanyar Ƙonni da ke tsallaken iyaka. Gwaggona tana aure can. Saƙo ya zo cewa 'ya'yanta dusa suke ci. Kaka ya kasa zama. Ya shiga, ya fita, ya kunna rediyo, ya kashe. Babana ya roƙe shi ya bari a ba masu bin daji hatsi su tsallakar mata a ɓoye, kaka ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ɓoye abincin jikokinsa.

Da rana tsaka ya ɗora wa jaki gero, ya ce in kora, muka bi babban titi. Tsoro ya kama ni, kuma na ji haushinsa ƙwarai. Za a ƙwace geron, ƙila a bugi tsoho, duk don labarin rediyo.

A shinge wani soja saurayi ya tare mu, ya tambayi abin da ke kan jakin.

Kaka ya ce, "Hatsi na, ɗana. Ɗiyata na can, ɗiyanta ba su ci ba. In kana da uwa, ka san mi nika hwaɗi."

Sojan ya daɗe yana kallon buhun. Sai ya juya mana baya, ya duƙa ya kwance igiyar takalminsa, ya shiga ɗaurewa a hankali. Muka wuce. Gwaggo ta ga jakin, ta zauna ƙasa tana kuka.

A hanyar dawowa kaka bai yi fariya ba. Cewa kawai ya yi mulkin nan ba zai yi tsawon rai ba. Da damina ta zagayo muka ji taken soja a rediyo, wasu sun ture wasu.

Yanzu titin ya cika da manyan motoci, an sha rufe iyakar an buɗe. Ɗan gwaggon nan na fari ya yi furfura, yana sayar da albasa. Nakan zauna rumfarsa in yi ta tunanin wani soja da ban san sunansa ba, da takalminsa wanda dama a ɗaure yake.