Ludayin Baba Tanimu

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada lokacin da jirgin ƙasa yake baƙo ya san Baba Tanimu duba-gari, ƙanen mahaifina. Ko masallaci za shi, dogon ludayinsa na hammata. Sai ya tsoma shi a randar mai kanti, ya ɗaga wa rana yana neman tsutsar sauro, kana ya amsa gaisuwa.

Ya taɓa samun ƙuda a kan furar Inna Kande. Ta ce, "Haba Malam, shi ma halittar Allah ne."

Ya ce, "Na sani. Ya je ya sha a gidan ubansa."

Matarsa ma bai ƙyale ba. Ta bar ƙosan sayarwa a buɗe, ya kai ta gaban alƙali. Ya daɗe yana cin tuwon maƙwabta bayan nan, kuma shi ma sai ya shinshina.

To, wannan mutum aka tura ya nema mini auren Lami, 'yar Jatau mahauci. Na roƙe shi ya bar ludayin a gida, ya ce ai ado ne. Ana zama a zaure aka kawo ruwa. Ya leƙa ƙoƙon, ya nemi a nuna masa randar, ya tsoma, ya kifar da ita. Daga nan ya wuce rumfar fawa, ya sa aka binne cinyar bijimi da ta kwana. Sannan ya dawo ya gyara zama.

"Malam Jatau, mun zo neman iri."

"Irin me? Ka bar mini wani abu ne?"

"Yarinyar dai ba ta da tsutsa."

Na yi kuka ranar, ban ɓoye ba. Sai da dattawan unguwa suka yi ta zarya kafin aka ba ni Lami, kuma surukina bai ƙara yi wa Baba magana ba.

Ranar da Baba ya rasu, an jawo ruwan wanka, sai ga Jatau. Ya zare ludayin daga bango, ya tsoma, ya ɗaga wa rana, ya daɗe yana dubawa.

"Babu komai, Malam," in ji shi. "Tas yake."

Allah ya jiƙan Baba Tanimu, ya shayar da shi ruwan da ba sai an duba ba.