Likitar da Ta Tambayi Maganin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Asabar ɗin da ta wuce Allah Ya karɓi ran likitar masu hawan jini ta asibitin unguwarmu, wadda kowa ke kira Anti Likita. Ni bakanike ne, karatuna bai yi nisa ba, amma abin da idona ya gani wata safiya ba zan bar shi a ciki ba.

Anti Likita, ranar na kawo miki Inna, kanta na sarawa, idonta na gani dishi-dishi, hannunta na hagu ya fara nauyi. Kika ɗaura mata abin awo a damtse, kika duba, fuskarki ta canja. Kika ce ta zazzage jakarta a kan tebur. Sai ga ƙwayoyin Baba. Ashe tun da nata suka ƙare, nasa take sha.

Inna ta ce, "To ai ciwon ɗaya ne, shi ga shi garau."

Kika ce, "Inna, ɗaki ɗaya kuke kwana, amma ba uwa ɗaya ta haife ku ba. Cikin 'yan'uwanki wa ke da ciwon nan?"

Inna ta ce Kawu. Kika sa na kira shi a waya, ya karanto miki sunan maganinsa harafi-harafi. Kika ce jinin gida yakan nuna hanya, amma ba ya yanke hukunci. A gwada, awo zai faɗi gaskiya. Irin maganin Kawu ya karɓi Inna. Ta yi ta mitar yawan fitsari, amma jininta ya sauka.

A ranar, kafin mu fita kika kama hannuna, kika ce, "Kai ma zauna." Ashe nawa jinin ma ya hau ban sani ba. Irin maganin Kawu bai yi min komai ba, irin na Baba ne ya yi. Ba ki gaji da mu ba har aka dace.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanki da yaranki, Allah Ya ba ku haƙuri.

Ba ni kaɗai na ga safiyar nan ba. Mai ba da kati tana tsaye a bakin ƙofa, tsohon direban da ke bayanmu a layi ya ji komai. Sai Inna, ga ta nan kusa da ni, hannunta biyu a sama tana yi miki addu'a.