Babi Biyun da Na Karanta wa Surukina

Kaka ce, a shekarar da ruwa ya yi mana jinkiri har muka sake shukar gyaɗa. Da ya zo kuwa ya zauna, aka samu amfanin da ba a zata ba. Mutane na murna, amma a hankali, kamar masu tsoron a ji su.

A wannan kakar na gama ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu ta ara mini wani littafin labari, ta ce in gwada idona. Labarin wani tsohon soja ne da aka gurfanar gaban alƙali bayan yaƙi ya daɗe da ƙarewa. Ana tuhumarsa da harbe mutanen wani ƙauye da suka riga suka ɗaga hannu, shi kuma ya ce umarni aka ba shi.

Bayan La'asar mukan baje tabarma da matan gida da maƙwabta, su suna ɓarar gyaɗa, ni ina karantawa. Ba na sauri, kuma kullum sai an yi gardama.

"A rataye shi kawai," in ji matar yayan mijina. "Wane dogon turanci ne wannan?"

Wata maƙwabciya ta ce, "Ke da in Malam ya ce ki zuba gishiri a kunu sai ki zuba?"

"Gishiri daban, rai daban, 'yar nan!"

Surukina, Baba, ya yi soja a yaƙin basasa, amma ba wanda ya taɓa jin ya yi zancen. Muka lura ya matso da buzunsa jikin zanar da ta raba mu da zaure. Tsakanina da shi kuwa sai kunya. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa zama inda yake zaune ba, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa, kaina a ƙasa.

Ranar da na karanta shaidar wata tsohuwa da aka kashe wa 'ya'ya a gabanta, Baba ya mayar da tuwonsa ko loma bai yi ba. Da safe sai ga yayan mijina a tsakar gida.

"A daina karatun nan a gidan nan. Kin tono wa tsoho abin da ya binne."

Na ce, "Yaya, shi Baban ne ya ce a daina?"

"Sai ya faɗa? Daga koyon baƙi har kin fara yi wa manya tambaya?"

Na ɗaga littafin na sa a cikin kwalla.

Kwana uku muna ɓara shiru. A na huɗu na kai wa Baba fura, na ajiye a bakin zaure, na juya ke nan na ji muryarsa.

"Uwar yara. Alƙalin nan ya yanke?"

Bai taɓa tambayata wani abu ba bayan lafiyar gida. Na durƙusa na ce, "Saura babi biyu, Baba."

"Yaran nan gani suke in an rufe littafi an rufe maganar. Ni na san inda na tsaya da bindiga. So nake in ji abin da aka ce wa mutumin, kafin nawa Alƙalin ya kira ni."

Bayan Magariba na gaya wa mijina gobe zan ƙarasa wa Baba karatun.

"A zaure? Ki zauna gaban surukinki? Me gari zai ce?"

"Su ce ba ni da kunya, Malam. Kunyar da za ta bar tsoho da tambaya a baki har kabari, ni ban iya ta ba."

"Yaya ya rantse in kin sake sai kin tafi gidanku."

"Gidanmu hanyar Tofa yake, ban manta ba."

A hankali na faɗa, kamar yadda na saba magana, amma na san Yaya ba ya rantsuwar banza.

Washegari da na gama ɗumame na sa hijabi, na ɗauki tabarma da littafin na nufi zaure. Yaya na nan kusa da Baba yana ɗinkin buhu. Na gaishe su, na shimfiɗa a gefe, na ba Baba kafaɗa don kada mu haɗa ido. Yaya ya miƙe fuuu, Baba ya ce, "Zauna, kai ma ka ji."

Na karanta har inda alƙali ya kama sojan da laifi, ya ce umarni ba ya wanke hannun da ya ɗana kunamar bindiga. Can Baba ya ce in maimaita masa shafin nan na ƙarshe, na maimaita.